Waiwaye: Daga ƙofar Sarkin Makafi zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma

Kafin a san da wani ofishin walwalar jama'a a ƙasar Hausa, masu nakasa suna da tsarinsu. A manyan birane kamar Kano da Katsina da Zariya akwai Sarkin Makafi, da Sarkin Guragu, da Sarkin Kutare, kowanne da jama'arsa, kuma masarauta ta san da zamansu. Su ke sasanta rigima, su ke karɓar baƙo, ta hannunsu ake raba zakka da sadakar attajirai idan ta zo. Tsarin ya rufa wa mutane da yawa asiri, amma tushensa tausayi ne. In an ba ka ka gode, in an hana ka babu inda za ka kai ƙara.

Gwamnatin tarayya ta daɗe tana tafiyar hawainiya a kan lamarin. A 1993 gwamnatin soja ta fitar da dokar kare nakasassu, amma ba ta wuce takarda ba. Sai a 2007 aka ga wani abu na zahiri, kuma daga Jigawa ya fito. Gwamna Sule Lamido ya ƙaddamar da alawus na naira 7,000 duk wata ga masu nakasa, mutum 150 daga kowace ƙaramar hukuma cikin 27 na jihar, wato mutum 4,050 ke nan. Manufar ita ce a raba su da bara. A tuna cewa mafi ƙarancin albashin da doka ta tanada a lokacin naira 5,500 ne. Ashe makahon da ke cikin shirin a Ringim ko Gumel yana karɓar kuɗin da ya zarce wannan. Ban ga abin da zai hana a yaba wa wannan mataki ba, ko mutum yana wace jam'iyya.

Sai dai tun ranar farko akwai matsala a cikin lissafin. Ɗari da hamsin adadi ne da aka yanke, ba ƙidayar mabuƙata ba ce. Ƙaramar hukuma kamar Birnin Kudu ko Haɗeja, wa zai ce mutum 150 ne kawai ke da lalurar da ta hana su neman na kansu? Da zarar gurbi ya cika, wanda ya zo daga baya sai dai ya zauna jira, kuma kowa ya san abin da ake jira: wani ya rasu a samu wuri. Duk inda gurbi ya yi kaɗan, masu nema suka yi yawa, to sanayya za ta shigo. Mai ɗan'uwa kansila ya fi marayan da ba shi da kowa kusa da takarda.

A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar haramta nuna wa masu nakasa bambanci. Ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutum, naira miliyan ɗaya ga kamfani, ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta kuma ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keke zai iya shiga. A 2020 aka kafa hukumar kula da masu buƙata ta musamman ta ƙasa, ƙarƙashin James Lalu. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, dokar ba ta yanka wa kowa alawus na wata ba. Wanda ya je sakatariya yana neman tallafi, abin da jiharsa ta ga dama ta tsara shi zai tarar.

Wa'adin gine-ginen ya cika a Janairun 2024. A leƙa sakatariyoyinmu a gani. Gurgu zai turo kekensa tun daga ƙauye, ya iso bakin baranda ya tarar da matakala. Sai ya sauko, ya zura silifa a tafin hannu, ya ja jiki a kan siminti mai zafi har ƙofar ofis, don kawai a ce masa, “Malam, oga ba ya nan, ka dawo jibi.” Kurma kuwa, in bai zo da mai yi masa tafinta ba, da wuya ya samu wanda zai fahimce shi.

Zamani ya ƙaro wani shingen. Yanzu yawancin shirye-shiryen tallafi ta asusun banki ake biya, banki kuma na neman lambobin tantancewa na BVN da NIN, su kuma suna neman zanen yatsu. Baiwar Allah da kuturta ta cinye wa yatsu, me za ta ɗora a kan na'urar? An kawo tsarin ne don a toshe sunayen bogi, kuma hakan daidai ne, amma bai kamata wanda ya fi kowa cancanta ya zama shi ne na'ura za ta kora ba.

Kuɗin kansa ya zaizaye. Mafi ƙarancin albashi ya koma 18,000 a 2011, ya kai 30,000 a 2019, alhali alawus ɗin Jigawa yana nan a 7,000. Gwamna Umar Namadi ya ɗaga shi zuwa 10,000, amma a 2024 mafi ƙarancin albashi ya zama 70,000. Abin da a 2007 ya fi albashin ƙaramin ma'aikaci, a 2024 ya koma kashi ɗaya cikin bakwai nasa. Matuƙar ba a ɗaure alawus ɗin da mafi ƙarancin albashi a cikin doka ba, kuma ba a buɗe rajista ga duk wanda likita ya tabbatar da lalurarsa ba, waɗanda aka ce su bar titi za su ci gaba da komawa bakin masallaci ranar Juma'a, domin dubu goma ba ta kai mai iyali ƙarshen mako na biyu.