Amsa-amon maganaɗisu a ƙananan ɗigogi

Amsa-amon maganaɗisu, wanda masana fiziks ke taƙaitawa da FMR, shi ne yadda abu mai maganaɗisu kamar ƙarfe, nikel ko kobalt ke zuƙar makamashin igiyoyin maikurowef idan saurin kaɗawarsu ya dace da na juyin maganaɗisun da ke cikinsa. In aka sa abin a filin maganaɗisu aka ɗan ture shi, alƙiblar maganaɗisunsa ba ta komawa mazauninta kai tsaye. Sai ta riƙa kewaya filin tana tangaɗi kamar katantanwa, har juyin ya lafa. Landau da Lifshitz ne suka rubuta lissafin wannan motsi a 1935, Griffiths ya gan shi a siraran shimfiɗun ƙarfe a Ingila a 1946, sannan Kittel ya nuna cewa siffar abin ma tana da hannu a saurin juyin. Ga ƙwayar lantarki (elektron) guda, juyin yana kai kusan gigahaz 28, wato juyi biliyan 28 a daƙiƙa, a kowace tesla ta ƙarfin filin maganaɗisu.

Batun siffa shi ne ya sa ɗigogin nano suka fita daban. Ƙananan faya-fayai ne masu faɗin nanomita gommai zuwa ɗaruruwa (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), galibi na famaloi (nikel kusan kashi 80, sauran ƙarfe), waɗanda ake zanawa da siririn kwararon ƙwayoyin lantarki. A ɗigo irin wannan, filin da ke ciki ba ɗaya yake ko'ina ba: yana raunana a bakin ɗigon. Don haka maimakon amo ɗaya, sai a ji da yawa, wani daga tsakiya, wani kuma maƙale a gefe. Na gefen nan ba ya ɓoye aibi, ƙaramin kaushi ko tsatsa a bakin ɗigon kan sauya shi.

Idan ɗigon ya ɗan yi faɗi da kauri, maganaɗisun kan nannaɗe kamar guguwa, da cibiya mai faɗin nanomita kusan 10 da ke kallon sama ko ƙasa. Cibiyar kan yi nata kewayen a hankali, sau da yawa ƙasa da gigahaz 1.

Awon ɗigo ɗaya da wuya, domin siginarsa ba ta da ƙarfi. Akan jera dubbai a auna su tare, amma bambancin girmansu kan faɗaɗa layin da amon ke fitarwa a awon, har a ɗauka gogayyar cikin ƙarfen da ke lafar da juyin ce ta ƙaru. Shi ya sa ake bi da wutar lantarki ta cikin ɗigo guda a saurari amsarsa, dabarar da masu ƙera ma'ajiyar kwamfuta ta MRAM ke amfani da ita.