Gwajin Jinin Bakkale ga Makiyaya da Mahauta: Tambayoyi da Amsoshi

A ƙauyukan Kano da Jigawa da wuya a shiga gida ba a tarar da akuya ko tunkiya a turke ba, kuma duk mako dabbobi suna sauya hannu a karar Maigatari ranar Alhamis, da ta Wudil ranar Juma'a, da ta Dambatta ranar Lahadi. Masu wannan hulɗa sukan kamu da wani zazzaɓi da ake ta yi wa maganin maleriya da taifot bai tafi ba. Waɗannan su ne tambayoyin da aka fi yi game da gwajin jinin da ke gano shi.

Mece ce bakkale, kuma yaya take isa jikin mutum?

Bakkale suna ne da Fulani makiyaya suka san cutar da shi a jikin shanu, inda take sa saniya ta yi ɓari idan cikinta ya tsufa, mabiyiya ta maƙale, wani lokacin kuma gwiwa ta kumbura ta tara ruwa. A asibiti ana kiranta burusalosis, daga sunan David Bruce, likitan sojan Birtaniya da ya gano ƙwayar cutar a tsibirin Malta a shekarar 1887. A 1905 wani likita ɗan Malta, Themistocles Zammit, ya tabbatar da cewa awakin tsibirin ne ke ɗauke da ita, mutane kuma suna kwasa ta nononsu. Ƙwayar tana da jinsi fiye da ɗaya: akwai wadda ta fi zama a shanu, akwai ta awaki da tumaki, wadda ita ce ta fi tsananta wa ɗan Adam. Raƙuma ma suna ɗaukarta.

Babbar hanyarta ita ce ɗanyar madarar da ba a tafasa ba, sai kuma ruwan haihuwa da jini da mabiyiyar dabba. Kowa ya taɓa ganin yadda ake yi idan saniya ta haihu mabiyiya ta ƙi faɗowa: mai garke ya naɗe hannun riga, ya zura hannunsa har gwiwar hannu ya janyo ta, alhali lokacin hunturu ne kuma tafinsa duk ya tsattsage. Ta wannan tsagar ƙwayar take shiga, haka nan idan ruwan ya fantsama a ido, ko aka shaƙi ƙurar garken da aka yi ɓari a cikinsa.

Su wa ya kamata su nemi a gwada su?

Makiyayi, da mahauci mai fiɗa da fasa ciki, da mai wankin kayan ciki a mayanka, da malamin dabbobi, da matar da ke tatsa, da duk wanda ya saba shan madara da ɗuminta, ta saniya ce ko ta taguwa. Amma sana'a kaɗai ba ta wajabta gwaji ba. Abin da ke wajabta shi shi ne sana'ar ta haɗu da alamu: zazzaɓin da ke tashi da yamma ya sauka da safe har ya wuce mako biyu, gumi mai yawa da dare, ciwon ƙugu da gaɓoɓi, kasala da rama, ko kumburin maraina ga namiji. Alamun sukan bayyana bayan mako 2 zuwa 4 da shigar ƙwayar, kodayake suna iya jinkiri har wata biyu, lokacin da mutum ya riga ya manta da akuyar da ta yi ɓari a gidansa.

Me ya sa ake yawan zuwa asibiti ba a gano ta ba?

Saboda ba a neme ta ba. Mai zazzaɓi idan ya je asibitin sha-ka-tafi ko kemis, abin da ake fara yi masa shi ne gwajin maleriya da gwajin Widal na taifot, kuma babu ɗayansu da ke nuna bakkale. Shi kansa Widal ya sha nuna taifot ga wanda ba ya da ita, sai a ba shi magani na kwana bakwai, ya ɗan ji sauƙi, bayan mako uku zazzaɓin ya dawo, a ce ai maganin ne ba mai kyau ba, ko kuma a fara zancen sammu. A ganina, rabin gwajin nan yana bakin majinyaci ne. Idan ya ce wa likita, "Ranka ya daɗe, ni mahauci ne," ko kuma "Shanunmu uku sun yi ɓari bana, kuma ni na fitar da mabiyiyar," to ya riga ya nuna masa inda zai duba.

Yaya ake yin gwajin?

Ana ɗibar jini kaɗan daga jijiyar hannu, kuma ba a bukatar mutum ya zo bai karya kumallo ba. Idan jinin ya daskare, wani ruwa mai launin rawaya yakan taso a samansa, shi ake amfani da shi. Gwajin farko, mai suna Rose Bengal, ba ya bukatar wata babbar na'ura: ana ɗiga ruwan jinin a kan farin faranti, a ɗiga masa wani ruwa mai launin hoda wanda ke ɗauke da matattun ƙwayoyin cutar, a gauraya su, a riƙa jujjuya farantin a hankali na 'yan mintoci. Idan jikin mutum ya taɓa haɗuwa da cutar, sai a ga haɗin ya tsinke ya yi gudaji-gudaji kamar madarar da ta yanke. Idan bai taɓa ba, sai ya zauna sumul yadda aka ɗiga shi.

A lura cewa ba ƙwayar cutar ake gani a farantin ba. Abin da ake gani shi ne makaman da garkuwar jiki ta ƙera don yaƙar ta, shi ya sa ake bin wannan gwaji da wani wanda ke auna yawansu. Ana tsarma ruwan jinin ninki bayan ninki har a kai inda ya daina yin gudaji, a rubuta sakamakon kamar 1:80 ko 1:160 ko 1:320. Galibi ana ɗaukar 1:160 zuwa sama a matsayin shaida idan akwai alamun ciwo, a wuraren da cutar ta zama ruwan dare kuwa likitoci da yawa sun fi natsuwa da 1:320. Akwai kuma gwajin ELISA, wanda ke taimakawa wajen bambanta sabon kamu da tsoho.

Shaida mafi ƙarfi ita ce a shuka jinin a kwalba har ƙwayar ta tsiro, sai dai tana da nawar girma, tana iya ɗaukar kwanaki da yawa ko makonni, kuma wanda ya riga ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta da wuya ta tsiro a jininsa. Irin wannan aiki sai manyan asibitocin birni. Wajibi ne kuma a sanar da ma'aikatan ɗakin gwaji abin da ake zargi, domin bakkale tana cikin cututtukan da suka fi kama masu wannan aiki ta hanyar shaƙa.

Idan an ce an ga cutar a jinina, shi ke nan na kamu?

Ba lallai ba ne, kuma a nan mutane suka fi ruɗewa. Mahaucin da ya shekara ashirin a mayanka yana iya ɗaukar waɗannan makamai a jininsa saboda ya taɓa haɗuwa da cutar tun da daɗewa, alhali yanzu lafiyarsa ƙalau. Wasu ƙwayoyin cutar ciki, ciki har da ta kwalara, su ma kan sa gwajin ya nuna abin da babu. Saboda haka likita ba takardar yake yi wa magani ba, yana haɗa ta ne da abin da ya ji daga bakin mutum da abin da ya gani a jikinsa.

Haka abin yake idan an ce ba a gani ba. Wanda aka gwada a kwanakin farko na ciwonsa, jikinsa bai gama ƙera makaman ba, don haka akan nemi ya dawo bayan mako biyu ko fiye a sake ɗibar jini. Idan adadin ya ninka sau huɗu tsakanin gwaji na farko da na biyu, misali daga 1:40 zuwa 1:160, to wannan hujja ce mai ƙarfi cewa cutar tana aiki a jikinsa yanzu. Kuɗin mota na zuwa biyu ba ƙaramin nauyi ba ne ga mutumin ƙauye, amma bai kai abin da ake kashewa a wata shida na sayen maganin taifot ba.

Idan ta tabbata, tana warkewa?

Tana warkewa, kuma ba kasafai take kisa ba, sai dai maganin yana bukatar haƙuri, domin ƙwayar tana ɓuya ne a cikin hanta da saifa da ɓargo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magani biyu: doxycycline na kimanin mako shida tare da allurar streptomycin ta kimanin mako biyu, ko kuma doxycycline da rifampicin na mako shida. Rifampicin yana mayar da fitsari ja, wannan ba abin tsoro ba ne, amma shi ne kuma maganin tarin fuka, don haka bai kamata kowa ya saya wa kansa a kemis ba. Mai juna biyu da yaron da bai kai shekara 8 ba ana canza musu magani. Wanda ya daina sha a mako na biyu don ya ji ƙarfi, shi ne ciwon kan dawo wa, wani lokacin a ƙashin baya.

Iyali da dabbobin gidan fa?

Da wuya mutum ya shafa wa mutum, amma waɗanda suka sha daga ƙwarya ɗaya da majinyaci ya kamata a sa musu ido, a gwada duk wanda ya fara zazzaɓi. Tsamin nono ba tabbas ba ne na mutuwar ƙwayar. Tafasa madara kafin a kwantar da ita, yadda masu kindirmo da yawa suke yi, shi ne abin dogaro. Nama idan ya dahu sosai ba shi da haɗari. Babu rigakafin mutane, amma akwai na dabbobi, irin su S19 na shanu da Rev 1 na awaki da tumaki, kuma ita ma dabba ana gwada jininta da Rose Bengal, don haka malamin dabbobi na ƙaramar hukuma shi za a tuntuɓa. Kafin ya iso, abin da aka yi ɓarinsa da mabiyiyar a ɗauke su da safar hannu, ko a sa leda biyu a hannu idan babu, a binne su a rami mai zurfi inda kare ba zai tono ba, a kuma ware uwar daga sauran garke.