Matsalar haɗuwar sabbin wayoyi da Wi-Fi, Bluetooth da allon mota

Wannan matsala ce da ake yawan samu a wayoyin salula da suka fito sababbi, inda waya za ta riƙa yankewa daga Wi-Fi, ko ta ƙi kama Bluetooth ɗin mota, ko ta kama ɗin amma ana cikin tafiya sai ka ji ɗif sauti ya ɗauke. An fi jin kukanta a makonnin farko bayan kamfani ya saki sabuwar waya, kuma duk manyan kamfanonin ta taɓa su. A Kaduna takan fi tsanani saboda galibin motocin dake kan titi 'yan Kwatano ne da suka kwana biyu, wayar dake hannun direban kuma ta bana ce.

Yadda haɗin yake aiki

Bluetooth kamfanin Ericsson ne ya fara aikinsa a 1994, yana tafiya ne a kan zangon 2.4 GHz. Ayyukansa a rarrabe suke, akwai ɓangaren kira da ake ce wa HFP, akwai na sauti wato A2DP, sai AVRCP mai kula da canza waƙa ko karatu daga sitiyari da nuna suna a allo, sai PBAP na lambobin waya. Shi yasa zaka ga mota tana ɗaukar kira lafiya lau amma ka kunna karatu shiru, ko sautin ya fito amma maɓallin sitiyari ya ƙi aiki, toh ɓangare ɗaya ne ya ƙi jituwa, sauran suna nan ƙalau.

CarPlay na Apple ya fito a 2014, Android Auto na Google aka sanar da shi a wannan shekarar ya fara aiki a 2015. Waɗannan sun wuce sauti, suna kawo taswira da saƙonni a allon mota. Wanda ba ya buƙatar igiya hanyoyi biyu yake bi: waya da mota su fara gane juna ta Bluetooth, daga nan sai su koma kan Wi-Fi na motar, galibi a zangon 5 GHz, domin Bluetooth ba zai iya ɗaukar nauyin hoto ba. Kenan in Wi-Fi ɗin waya ya ɗan yi tangarɗa ko na daƙiƙa biyu ne taswira ta ɓace daga allo, mutum kuma ya ɗora wa motarsa laifi.

Me yasa sai sabuwar waya

Babban dalili dai tazarar shekaru ne. Waya duk shekara ake sakin sabuwa, manhajarta ma ana sabunta ta sau da dama a shekara, shi kuwa rediyon mota yadda aka haɗa shi a masana'anta haka yake zaune har ta tsufa. Camry ko Accord ta 2010 an yi ta ne kafin a san wani abu wai Bluetooth 5, wanda sai 2016 ya fito. A ƙa'ida sabo ya kamata ya yi aiki da tsoho, kuma yawanci yana yi, sai dai babu kamfanin wayar da zai iya gwada wayarsa da kowace irin mota dake duniya kafin ya kai ta kasuwa, masu sayen farko su ke gano inda ta gaza. Toyota ma da tafi kowacce yawa a titunanmu ta makara wajen karɓar CarPlay, sai a Avalon ta 2019 ta fara, Android Auto kuma ya biyo baya, dan haka Corolla ta 2015 babu shi a cikinta ko me za a danna.

Dalili na biyu shine sabon kayan ciki. A watan Satumban 2025 Apple ya saki iPhone 17 da iPhone Air ɗauke da wani guntu mai suna N1 da shi kansa ya ƙera domin Wi-Fi 7 da Bluetooth 6, nan da nan masu saye suka fara kukan Wi-Fi na yankewa, CarPlay ma na faɗuwa tare da shi. Kafin watan ya ƙare aka saki sabuwar manhajar iPhone, iOS 26.0.1, wadda kamfanin ya ce ta gyara yankewar Wi-Fi da Bluetooth a waɗannan wayoyi. Ba wannan ne karon farko ba. A 2023 an samu iPhone 15 da NFC ɗinsu, wato ɓangaren da ake kara waya a biya kuɗi da shi, ya daina aiki bayan an ɗora su a kan cajar mota marar igiya, musamman a wasu BMW, sai iOS 17.1.1 ta warware shi a Nuwamba. A Afrilun 2025 ma iOS 18.4.1 ta zo da gyaran CarPlay marar igiya a wasu motoci. Duk waɗannan ukun da manhaja aka gyara su. Wadda ta zama ta ƙira ita ce iPhone 4 a 2010, da sabis ke raguwa in an riƙe ta ta gefen eriya, har Steve Jobs ya fito ya sanar da raba rigar waya kyauta.

Abinda ya shafi Kaduna

Mutane da yawa a nan cire rediyon asali suke yi su sa allon Android na China, masu rewaya da masu sayar da kayan ƙawata mota ne ke ɗaurawa. CarPlay ɗin dake cikin irin wannan allo ta wata manhaja yake tafiya, irinsu ZLink, kuma idan Apple ko Google suka canza wani abu allon baya samun sabuntawa da wuri, wani ma har abada. Mai tsohuwar 406 kuwa ko Golf ɗin haya ɗan modileta yake maƙalawa a ramin kunna taba, ya karɓi sauti ta Bluetooth ya tura wa rediyo ta FM, a cikin gari kuma inda tashoshi suka yi yawa in ba a zaɓi lambar da babu kowa a kai ba sai shuuu kawai.

Sai zafi. Apple da kansa ya ce wayarsa an yi ta ne ta yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35, ita kuwa motar da aka ajiye a rana a bakin Kasuwar Gumi cikin watan Maris ko Afrilu cikinta ya zarce haka nesa. Ka haɗa da taswira a kunne, da data, da caji, ga waya a maƙale jikin gilashi, sai ta rage ƙarfinta da kanta ko ta tsayar da caji dan kare batir, kuma haɗin ya fara tsinkewa. A doguwar tafiya irin ta Kaduna zuwa Abuja an fi ganin wannan. Da hunturu kuma ƙura ce ke cika ramin caji har igiya ta daina zama daram, mota na shiga gargada ta yanke.

Igiyar kanta ma abin dubawa ce, kuma ni a ganina ita ce ta fi kowane dalili cin mutane a banza. Akwai igiyoyi masu arha da caji kawai suke yi, babu wayoyin ɗaukar bayanai a cikinsu, waya zata nuna tana caji amma allon mota ba zai ganta ba. Tunda iPhone 15 ta koma USB-C wannan ya ƙaru, domin tsohuwar igiyar Lightning ta daina amfani, ramin motar kuma na tsohon USB ne.

A ɓangaren Android, Tecno da Infinix da itel da sauran su suna da tsarin tanadin batir mai kashe manhajojin dake aiki a baya, wani lokaci har da Android Auto. Wayoyin da aka yi dan kasuwar China da sabbin Huawei tun 2019 basu zuwa da manhajojin Google, Android Auto kuma baya tashi sai da su. Marar igiyarsa yana son Android 11 zuwa sama da Wi-Fi na 5 GHz.

Gyara

Abu na farko a duba ko akwai sabuwar manhaja a sauke. Sannan a goge sunan motar daga waya, a goge na wayar daga mota, a sake haɗa su kamar yau suka fara haɗuwa, domin wanda ya kwaso bayanan tsohuwar wayarsa zuwa sabuwa yakan kwaso har da tsohon haɗin da ba zai yi aiki ba. Rediyon mota ma yawan wayoyin da yake iya riƙewa ƙayyadadde ne, mota 'yar Kwatano sau da yawa tana zuwa da sunayen masu ita na can Turai ko Amurka a ciki. A Android akwai wurin sauya AVRCP zuwa 1.4 ko 1.3 a cikin saitin masu ƙera manhaja (Developer options), wanda ake buɗewa in an danna lambar ginin waya (Build number) sau 7, yana taimakon tsofaffin motoci sosai. A kashe VPN in akwai, a gwada gajeriyar igiya mai kyau, in duk bai yi ba a sake saitin netwok, amma a sani duk lambobin sirrin Wi-Fi zasu goge.

Hanya mafi sauƙi ta gane mai laifi ita ce a gwada wayar a wata motar, a gwada wata wayar a wannan motar. Duk wannan a tsaye ake yinsa, hukumar kiyaye haɗura FRSC ta haramta taɓa waya ana tuƙi. Kada a yi gaggawar kai sabuwar waya wurin mai gyara ya buɗe ta ko ya yi mata filashin, buɗewar tana iya ɓata garanti kuma tana lalata liƙin dake hana ruwa da ƙura shiga. Idan wayar ta ƙi haɗuwa da kowace mota da kowane iyafis da kowane Wi-Fi bayan an sabunta ta, nan ne ake zargin kayan ciki, sai a maida ta inda aka saya tare da rasit tun wa'adin garanti bai ƙare ba.