Wa Ke Ba Da Labarinmu a Legas? Tambayoyi da Amsoshi Kan Binciken Tsiraru a Kafafen Yaɗa Labarai

Ai Hausawa ba tsiraru ba ne. Me ya haɗa mu da wannan bincike?

A Kano ko Katsina haka ne. Amma masu wannan fanni, wato nazarin yadda kafafen yaɗa labarai ke nuna tsiraru, ba yawan kawuna kawai suke dubawa ba. Suna duba wanda ke riƙe da alƙalami da wanda ake rubutu a kansa. Bahaushen Agege da na Idi-Araba da na Alaba Rago, ko da kakansa a nan aka haife shi, wasu ne ke ba da labarinsa. Punch da Vanguard da Guardian jaridun Legas ne, Tribune ta Ibadan ce, Daily Trust da Aminiya kuwa suna Abuja. Ga mu maƙwabtan manyan jaridun ƙasar nan, amma da wuya ka tarar da ɗanmu a teburin da ake zaɓen kanun labarai.

Daga ina wannan ilimi ya taso?

Ya yi ƙarfi ne a Amurka bayan tarzomar da ta ɓarke a unguwannin baƙar fata a 1967. Kwamitin Kerner da Shugaba Lyndon Johnson ya kafa ya fitar da rahoto a 1968, inda ya zargi jaridu da kallon baƙar fata da idon farar fata kawai. A Ingila, masani Stuart Hall da abokan aikinsa a Birmingham sun nuna a 1978 yadda jaridu suka jingina ƙwacen kan titi ga samarin baƙar fata har jama'a suka tsorata. Sai Teun van Dijk, masani ɗan ƙasar Holan, wanda a 1991 ya fitar da nazarinsa kan jaridun Ingila: tsiraru sun fi fitowa a labaran rikici da laifi da ƙaura, kuma idan ana maganarsu, bakin 'yan sanda da 'yan siyasa aka fi ji, ba nasu ba.

To, yaya ake yin binciken?

Da ƙirge, kuma aiki ne mai cin rai. Mai bincike zai tara jaridu na wani lokaci da ya ƙayyade, ya ware duk labarin da ya ambaci jama'ar da yake nazari, sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Kan me labarin yake? A wane shafi aka sa shi? An faɗi ƙabilar mutum a kanun labari, kuma faɗin ya ƙara wani abu? Wa aka tambaya? A ganina wannan ta ƙarshe ta fi duka nauyi. Labari yana iya zama babu zagi ko ɗaya a cikinsa, amma an yi shi kaf a kan 'yan kasuwa ba tare da an ji daga bakin ko ɗaya ba. An yi wa mutum aski ba ya nan ke nan. Bayan ƙirge akan yi hira da editoci, a kuma zauna da masu sauraro a ji yadda suka fahimci abin.

Me ɗalibi zai iya nazari a nan Legas?

Abin nazari ya yi yawa. Akwai rikicin Ketu na Nuwamba 1999, da na Idi-Araba na Fabrairu 2002, da na kasuwar Mile 12 na Maris 2016, da haramcin acaɓa a wasu ƙananan hukumomi a Yuni 2022. Ɗalibin Jami'ar Legas da ke Akoka ko na Jami'ar Jihar Legas (LASU) da ke Ojo na iya ɗauko jaridun waɗannan makonni ya jera su da na Abuja ya ga inda suka bambanta. Amma kada ya tsaya a ranar rikici. Ya ƙirga har da ranakun lafiya: sau nawa masu kawo shanu da albasa da tumatir da ke ciyar da birnin nan suke fitowa a shafin kasuwanci? Tun 1969 masani Abner Cohen ya rubuta yadda Hausawan Sabo a Ibadan suka tsara cinikin shanu da goro bisa amana da bashi. Wannan tsari labari ne babba, kuma ya cancanci shafi.

Akwai kuma matsalar kuɗin goro. A Legas, Babarbare da Banufe da Bafulatani da Bazabarme duk "Hausa" ake ce musu, don haka laifin mutum ɗaya kan hau kan jama'a da yawa.

Kenan 'yan jarida da gangan suke yi?

Ba lallai ba. Wakilin da ba ya jin Hausa, ga lokaci na ƙure masa, sanarwar kakakin 'yan sanda zai ɗauka ya wuce. Ƙa'idojin aikin jarida da aka amince da su a Ilori a 1998 sun hana aibanta ƙabilar mutum, sai dai ba su isa su gyara waɗanda ake ɗauka aiki ba.

Mu fa, ba ma yi wa wasu haka?

Muna yi, kuma dole a faɗa. Tun 1957 Turawa suka kafa kwamitin Willink saboda fargabar ƙananan ƙabilu, har da na Arewa. Ma'aunin da za a ɗora wa jaridun Legas shi za a ɗora wa gidajen rediyonmu: idan aka yi rikici a Filato ko Kudancin Kaduna, sau nawa ake jin muryar Birom ko Atyap a shirin Hausa?

Mutanenmu ma suna karanta waɗannan jaridu kuwa?

Da yawa ba sa karantawa. Mai shayi a Obalende rediyo yake kamawa: BBC, wadda ke Hausa tun 1957, ko DW ko RFI. Labarin unguwarsa kuwa ta saƙon murya na WhatsApp yake zuwa masa, ba edita, ba tantancewa. Duk mai son nazarin wannan sai ya iya Hausa, kuma sai mutane sun yarda da shi kafin su buɗe masa wayoyinsu. 'Ya'yanmu da ke karatun jarida a Akoka da Ojo ne suka fi kowa cancantar wannan aiki.