Lambar fita: abu ɗaya tilo da sabar gini take ji

Duk manhajar da aka kunna a kwamfuta, in ta gama aikinta takan bar wa wanda ya kira ta lamba guda kafin ta rufe. Wannan ita ce lambar fita, wadda masu rubuta kod ke ce wa exit code. Sifili yana nufin an gama lafiya, duk lambar da ba sifili ba kuma tana nufin akwai magana. A Linux da macOS lambar ba ta wuce daga 0 zuwa 255, kuma ana ganinta da `echo $?` da zarar umarni ya ƙare. A Windows `echo %ERRORLEVEL%` ake bugawa.

Wanda ke zaune gaban kwamfutarsa bai cika kula da wannan lamba ba, tunda yana da ido. Zai ga jan rubutu ya karanta, zai ga tambaya ya amsa. Sabar gini ba ta da wannan gata. Kwamfuta ce da aka ajiye don ta ɗauko sabon kod duk lokacin da aka tura shi, ta harhaɗa, ta gwada, ta fitar da sakamako ba tare da hannun kowa ba. Jenkins, wadda ta samo asali daga Hudson a 2011, da GitLab CI da GitHub Actions duk wannan aikin suke yi, kuma da wuya ka shiga kamfanin manhaja a Yaba ko Lekki ka tarar ba a amfani da ɗaya daga cikinsu. Matasanmu na Agege da Idi-Araba da suka shiga wannan sana'a, kusan dukkansu da wannan ƙorafi suke fara zuwa: "Wallahi a kwamfutata yana aiki, amma a saba ya ƙi." Gaskiya suke faɗa. Sai dai ita sabar ba ta san abin da ya faru a kwamfutarka ba. Ta ba da umarni, ta zauna jiran lamba. In sifili ta dawo ta kunna kore, in wata ce ta kunna ja, in babu abin da ya dawo ta ci gaba da jira.

Faɗuwar aiki ta fi maƙalewarsa sauƙi, domin lambar kanta tana nuna hanya. 127 tana cewa ba a ga umarnin ba sam. Yawanci manhajar tana nan a sabar, amma asusun da aikin ke gudana a ƙarƙashinsa ba naka ba ne, jerin wuraren da yake dubawa, wato PATH, ya bambanta da naka. 126 tana cewa an ga fayil ɗin amma ba a iya kunna shi ba. Wannan yakan samu wanda ya rubuta fayil a Windows ya tura, izinin kunnawa bai biyo shi ba, kuma `git update-index --chmod=+x`, umarnin Git (manhajar adana kod da tura shi), ne maganinsa. Sama da 128 labarin ya canza: yawanci ba manhajar ce ta fita da ƙafarta ba, kashe ta aka yi. Cire 128 daga lambar, abin da ya rage shi ne lambar siginar da ta kashe ta, wato saƙon da aka aika mata na ta tsaya. 143 ita ce 128 da 15, an nemi ta rufe. 139 ita ce 128 da 11, ta taɓa wurin da ba nata ba a memori. 137 ita ce 128 da 9, an yanke ta ba sallama.

Wannan 137 ɗin ta ɓata wa mutane da yawa dare. Za ka ga yaro yana bin kod layi-layi yana neman kuskure, alhali kod ɗin lafiyarsa ƙalau. Memori ne ya ƙare, Linux ya zaɓi manhajar da ta fi ci ya kashe don ya ceci sauran. Kwamfutarka tana da gigabait 16, akwatin Docker, wato keɓaɓɓen wurin da aikin ke gudana a cikin sabar, wataƙila biyu aka ware masa. Duba `dmesg` a sabar, sau da yawa za ka tarar da shaidar kisan a rubuce.

A Windows lambobin dogaye ne masu ban tsoro, amma biyu sun fi yawan fitowa. -1073741515 tana nufin manhajar ta nemi wani fayil na DLL, wato fayil ɗin kod da take dogaro da shi, ba ta samu ba, abin da ke faruwa idan kwamfutarka tana da Visual Studio, manhajar rubuta kod ta Microsoft, amma sabar ba ta da kayan da yake zuwa da su. -1073741819 kuma 'yar'uwar 139 ce.

Akwai kuma lambar da ke yin ƙarya, kuma ni ita na fi tsoro. Idan ka rubuta `make | tee gini.log`, wato `make` ya yi ginin, `tee` kuma ya adana rubutunsa a fayil, lambar da za ta dawo ta `tee` ce, ba ta `make` ba. Ginin ya rushe, amma `tee` ya rubuta fayil ɗinsa lafiya, sai sabar ta kunna kore, a ɗauki ruɓaɓɓen kaya a kai wa masu amfani. `set -o pipefail` ne ke toshe wannan kafa. A GitHub Actions ba a kunna shi sai ka rubuta `shell: bash` da hannunka. Akasin haka ma yana faruwa: robocopy na Windows yana dawo da 1 idan ya kwafe fayiloli lami lafiya, sai daga 8 zuwa sama ne yake nufin matsala, amma sabar da ba a gaya mata ba za ta ga 1 ta ce aiki ya faɗi.

Maƙalewa ita ce babbar wahala, domin a nan babu lamba kwata-kwata. Manhajar ba ta mutu ba, ba ta kuma gama ba. Log, wato rubutun bayanin da aikin ke fitarwa, ya tsaya a layi ɗaya, ƙaramar da'irar nan ta kan allo tana ta juyawa, shiru kake ji wai malam ya ci shirwa.

Abu na farko shi ne ka rarrabe tsakanin jinkiri da tsayuwa. Wanda ya saba bin gadar Third Mainland da safe ya san bambancin motar da ke jan ciki cikin cunkoso da wadda injinta ya mutu: daga nesa duk a tsaye suke, sai ka matso ka ji ƙarar inji. Shiga sabar ka buga `top`. In manhajar tana cin ƙarfin kwamfuta, ko dai aiki take yi a hankali ko ta faɗa zagayen da ba shi da ƙarshe. In ba ta cin komai, to jira take yi, kuma tambayar ita ce: jiran wa?

Mafi yawan lokuta jiran mutum take yi. Wani ƙanenmu da ke aiki a Ikeja ya taɓa nuna mini aikin da ya tsaya masa tun bayan Azahar har aka kira Magariba. Muka gangara can ƙasan log ɗin. Layin ƙarshe jerin nahiyoyi ne, na ɗaya Afirka, sannan tambaya da Turanci tana neman a zaɓi yanki. Ƙunshin tzdata ne na Ubuntu, wani nau'in Linux, yake so a gaya masa agogon wane gari za a bi. Da a gabansa ne, zai danna 1 ya zaɓi Legas, magana ta ƙare cikin daƙiƙa biyar. A saba kuwa babu yatsan da zai danna, jiran gawon shanu kawai ake yi. Layi ɗaya ya ƙara, `DEBIAN_FRONTEND=noninteractive`, aikin ya wuce.

Irin wannan tambaya tana da 'yan'uwa da yawa. `apt-get install` ba tare da `-y` ba yana neman amincewa. Git yana neman kalmar sirri, sai an sa `GIT_TERMINAL_PROMPT=0` zai faɗi nan take a maimakon ya tsaya. SSH, manhajar shiga wata kwamfuta daga nesa, yana tambaya ko ka yarda da sabuwar kwamfutar da ya tarar, `BatchMode=yes` ne ke hana shi. Wasu kayan gwaji na JavaScript suna gama gwaji su zauna jiran ka canza fayil, sai sun ga `CI=true` suke sanin babu kowa a wurin. A Windows abin ya fi ɓoyuwa. Tun daga Windows Vista aka raba manhajojin da ke gudana a bayan fage da allon mai amfani, aka kai su wani zama na daban da ake kira Session 0. Idan Jenkins na gudana a can, manhaja ta buɗe ƙaramar taga tana cewa a danna OK, tagar tana nan a buɗe amma ba idon da zai gan ta, ko da kuwa kana zaune gaban sabar.

Wani jiran kuma na bututu ne. Manhaja ta kunna wata manhajar, ta ce ta zubo mata rubutunta ta bututu, amma ba ta kwashewa sai waccan ta gama. Bututun Linux yana ɗaukar bait 65,536 ne a bisa al'ada. Da ya cika, ta biyun za ta tsaya jiran a kwashe, ta farkon kuma tana jiran ta gama, kowa na kallon kowa. Abin da ke rikita mutane shi ne zai yi wata da watanni yana aiki, sai ranar da rubutun ya ɗan ƙaru ya maƙale, a ce ai ba a taɓa komai ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Mu a nan muna da ƙarin dalili, wato intanet da wuta. Ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin ƙarƙashin teku na MainOne da WACS da ACE da SAT-3 suka lalace, an ga yadda haɗi ke zama ba a raye ba, ba a mace ba. Aikin da ke sauko da kaya daga waje a irin wannan hali yana iya tsayawa ba iyaka, domin `curl` ba shi da wa'adin gamawa sai ka ba shi da `--max-time`. Haka sabar da aka ajiye a ofis: a ɗauke wuta, kafin janareta ya tashi na'urar intanet ta mutu ta dawo, haɗin da aikin ke riƙe da shi ya tsinke amma shi bai sani ba.

Shi ya sa nake ganin ganganci ne a bar aiki ba wa'adi. GitHub Actions sai bayan minti 360 yake kashe aiki in ba ka rage ba, awa shida ke nan, kuma asusun kyauta minti 2,000 ne kacal yake samu a wata don ma'ajiyar kod ta sirri. Maƙalewa biyar ko shida sun cinye watan. GitLab awa ɗaya yake bayarwa. Jenkins kuwa ba ya sa wa'adi da kansa, aiki zai iya kwana uku a tsaye yana tare wa sauran hanya. A GitHub Actions sa `timeout-minutes` daidai da abin da aikin ya saba ɗauka da ɗan ƙari, sannan duk umarnin da kake zargi ka ɗaure shi da `timeout 300` a gabansa, wato wa'adin daƙiƙa 300. In wa'adin ya cika za a kashe shi a dawo da 124, ka ga shiru ya koma lamba, ka san kuma takamaiman layin da ya tsaya.

Amma in ka tarar da aikin a maƙale yana da rai, kada ka yi gaggawar danna maɓallin kashewa, domin da zarar ya mutu shaidar ta tafi da shi. Fara buga `ps -ef --forest` ka ga wace manhaja ce a can ƙarshen reshe. Ɗauki lambar shaidarta da ke cikin jerin, wato PID, ka ba `strace -p`. In ka ga ta tsaya a kan `read(0,` to madannai take jira, in `write` ne bututu ya cika, in `futex` ne sassanta ne suka riƙe wa juna makulli. Ga Java akwai `jstack`, ga Python akwai `py-spy dump`, a Windows kuma Process Explorer zai nuna maka manhajojin Session 0 da abin da kowacce ta tsaya a kai. Kwafe abin da ka gani ka ajiye a fayil, sannan ka kashe aikin.