Me ake nufi idan an ce kwamfuta "ta daskare"?

A shagunan gyaran kwamfuta na Garuwa da Marwa, da wuya a yini ba a shigo da na'ura ana cewa ta daskare ba. Wani ya ce ta maƙale, wani ya ce ta tsaya cak. Abin da duk suke nufi shi ne kwamfutar a kunne take, hoto na nan a fuskarta, amma ba ta karɓar umarni. Ka latsa maɓalli shiru, ka ja linzami shiru, ko kuma ka ga wata 'yar da'ira tana ta juyawa ba iyaka.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Kowace manhajar da ka buɗe, dole ne ta riƙa karɓar saƙonnin da Windows ke miƙa mata: an danna nan, an buga wannan harafi. Idan kimanin daƙiƙa 5 suka wuce ba ta karɓi saƙo ba, sai Windows ta dusashe tagarta, ta rubuta "Ne répond pas" a samanta, tunda yawancin na'urorinmu a Kamaru da Chadi da Faransanci suke zuwa. Wannan rubutu ba ya nufin manhajar ta mutu. Sau da yawa jira take yi, faifan ajiya ya miƙo mata wani abu ko intanet ya kawo amsa, kuma in an yi haƙuri na minti ɗaya ko biyu sai ta farfaɗo da aikinka cikakke.

Daskarewa kuma hawa-hawa ce, saboda haka kafin a nemi magani sai a san wacce ake fama da ita. Akwai wadda manhaja ɗaya ce kawai ta tsaya, sauran na aiki. Akwai wadda komai ya yi nauyi amma kibiyar linzami na motsi. Mafi muni ita ce wadda kibiyar ma ta kafe. Gwaji mai sauƙi: latsa maɓallin manyan baƙaƙe, wanda ake rubuta wa Caps Lock ko Verr Maj. In 'yar fitilarsa na kunnuwa tana mutuwa, har yanzu da sauran rai a tsarin. In ba ta amsa ba, to an kai maƙura, sai a danne maɓallin kunnawa na wasu daƙiƙoƙi har ta mutu. Amma wannan dabara ta ƙarshe ce, don kashe kwamfuta tana tsakiyar rubutu a kan faifai na iya lalata fayiloli.

Muddin tana amsawa ko kaɗan, haɗa maɓallan Ctrl da Maj (Shift) da Échap (Esc) ka latsa tare. Zai buɗe Gestionnaire des tâches, inda za ka ga kowace manhaja da yawan abin da take ci a ƙarƙashin Processeur da Mémoire da Disque. Wurin da ka ga adadi ya kafe kusa da kashi 100, nan ne ciwon yake.

In Mémoire ce ta cika, matsalar RAM ce, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe abin da take aiki a kansa. Ka ɗauki RAM kamar teburin tela, faifan ajiya kuwa kamar ɗakin da yake tara yadudduka. In teburin ƙarami ne kuma ɗinki ya yi yawa, dole ya riƙa kai wasu ɗaki yana ɗauko wasu, lokacin ɗinki ya ƙare a zirga-zirga. Haka Windows ke yi idan RAM ta cika: tana kwashe bayanai zuwa faifai, wanda ya fi RAM jinkiri nesa ba kusa ba. Kwamfutocin hannu da ake shigo mana da su daga Turai, da yawansu da 4 GB suke zuwa, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da Windows 11 ke buƙata don ta hau kawai. Ka buɗe Chrome da shafuka goma sha, ka ƙara da Word, ta cika. Rage shafuka da hana manhajojin banza tashi tare da na'ura na taimakawa, amma ƙarin RAM zuwa 8 GB shi ne maganin gaske.

Abin da na fi so mutanenmu su kula da shi kuwa zafi ne, don shawarwarin da ake karantawa a intanet galibi ba don ƙasarmu aka rubuta su ba. A watannin Maris da Afrilu, zafin Marwa da Kusiri da Njamena kan haura digiri 40. Kafin nan kuma hunturu ya riga ya cika hancin fanka da ƙura. Ƙwaƙwalwar kwamfuta, wato Processeur, idan ta doshi digiri 100 sai ta rage gudunta da kanta don kada ta ƙone, in abin ya ci tura ta kashe na'urar ɗungurum. Alamarsa ba ta ɓuya: da safe lafiya lau, da azahar ta fara maƙalewa, fanka na ta kuka, ƙasan na'urar ba ya taɓuwa. Sannan mu ɗora ta a kan katifa ko darduma, mu toshe ƙofofin da take shaƙar iska. Wannan ba ruwansa da manhaja ko kaɗan. A buɗe ta a share ƙura, a sauya man da ake shafawa tsakanin ƙwaƙwalwar da ƙarfen sanyaya ta, don yakan bushe da shekaru, a riƙa ajiye ta a kan katako ko tebur.

Sai faifan ajiya. Tsohon faifai mai juyawa yana da allura da ke karanta bayanai, kuma faɗuwa da girgiza da yawan ɗaukewar wuta na cutar da shi, musamman a kwamfutar tebur da ba ta da na'urar riƙe wuta, ko ta hannu da batirinta ya mutu. In ya fara lalacewa, yakan tsaya yana ta maimaita karanta wuri ɗaya, komai ya tsaya jiransa. In ka ji yana ƙas-ƙas, ko Disque ya kafe a 100 alhali ba ka yin wani aiki mai nauyi, kada ka jira gobe: kwashe hotuna da takardunka zuwa wani wuri yau. Manhajar CrystalDiskInfo kyauta ce, tana nuna lafiyar faifai da launi, shuɗi lafiya, rawaya gargaɗi, ja haɗari. Sauya tsohon faifan da SSD, faifan zamani wanda ba abin da ke juyawa a cikinsa, kan mayar da tsohuwar na'ura kamar sabuwa.

Ƙwayoyin cuta ma na cikin lissafi, yawanci ta filashin da ya zaga shagunan buga takardu. Sai dai ɗora manhajar kariya biyu a na'ura ɗaya na iya jawo daskarewar da ake gudu. Wadda ke zuwa cikin Windows ta isa mai amfanin gida, in ana sabunta ta, ko da yake Microsoft ta daina tallafin yau da kullum ga Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025.

Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ji an ce wa mutum "sai an yi mata fomat" tun kafin a duba komai. Fomat na goge manhajoji da cututtukansu, amma ba ta share ƙura, ba ta ƙara RAM, ba ta gyara faifan da ke mutuwa. Ɗalibi ya rasa kundin da ya yi wata da watanni yana rubutawa, bayan 'yan kwanaki kuma na'urar ta koma gidan jiya. In za ka kai wa mai gyara, je masa da bayani: wane lokaci na yini take daskarewa, wace manhaja ce a buɗe, kibiya na motsi ko ba ta yi. Ka roƙe shi ya rubuta perfmon /rel a akwatin bincike na Windows, wanda ke fito da tarihin matsalolin na'urar rana bayan rana, ku duba tare kafin ya taɓa faifanka.