Waiwaye: Kujerar kishingiɗa ta 1928 da mutum ukun da suka ƙera ta

A shekarar 1927 wata matashiya 'yar shekara 24 mai suna Charlotte Perriand ta je neman aiki ofishin fitaccen mai zanen gine-gine Le Corbusier da ke titin Sèvres a birnin Paris, shi kuwa ya sallame ta da cewa su ba sa yi wa matashin kujera surfani a wurin. Ba a jima ba ɗan'uwansa kuma abokin aikinsa Pierre Jeanneret ya kai shi baje kolin Salon d'Automne, inda ya ga wani ɗaki da ta ƙawata da kayan ƙarfe da gilashi, sai ya janye maganarsa ya ɗauke ta aiki, ya kuma danƙa mata sashen kayan ɗaki.

Daga haɗin gwiwar mutum ukun ne aka samu kujerar kishingiɗa a 1928, wadda aka nuna wa jama'a a baje kolin 1929. Gininta kashi biyu ne: a ƙasa akwai gindin ƙarfe baƙi, a sama kuma bututun ƙarfe mai sheƙi da aka lanƙwasa kamar baka, wanda ke ɗauke da shimfiɗar fata da aka tanƙwara daidai da bayan mutum da gwiwoyinsa. Babu ƙusa ko makulli da ke haɗa sassan biyu. Saman yana zamewa ne a kan sandunan da aka lulluɓe da roba, nauyin mai kwanciya kuma shi ke riƙe shi a inda aka tsayar. Idan aka sauke saman a ƙasa, sai ya koma kujera mai lilo. Wannan dabara, a ganina, ita ce ta bambanta ta da sauran kujerun bututun ƙarfe na zamanin, har da waɗanda mai zanen gine-gine da kayan ɗaki Marcel Breuer ya fara yi a Jamus bayan ya lura da ƙarfin kan kekensa.

Burin masu zanen shi ne a riƙa buga ta da yawa a masana'anta domin ta isa gidajen talakawa, amma hakan bai yiwu ba. Kamfanin Thonet ya fitar da ita da lambar B306, ciniki bai yi armashi ba saboda tsadarta, kuma har yau kujera ce ta masu hannu da shuni da gidajen adana kayan tarihi.

Batun suna ya fi ɗaukar hankali. A 1964 kamfanin Cassina na ƙasar Italiya ya samu izinin ƙera ta, ya fara sayar da ita a shekarar da ta biyo baya da sunan LC4, wato haruffan farko na sunan Le Corbusier kaɗai, wanda ya rasu a wannan shekara ta 1965. Da haka sunan Perriand da na Jeanneret suka shige duhu na shekaru masu yawa, alhali ita ce ta yi ta zirga-zirga wurin maƙera, tana gwada samfuri bayan samfuri. Hatta a shahararren hoton kujerar, ita ce kwance a kai, fuskarta na kallon bango, ta yadda da yawa suka ɗauka 'yar talla ce kawai.

Perriand ta bar ofishin a 1937, ta tafi Japan a 1940 bisa gayyatar gwamnatin ƙasar, inda ta sake ƙera kujerar da gora maimakon ƙarfe. Ta rasu a 1999, sai a 2011 Cassina ya fara fitar da wannan samfurin na gora, da sunanta ita kaɗai.